Jirgin kwal a cikin waya: Darasin da Kebbi ba ta samu a kan dogo ba

Idan aka tara ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Gwandu ko Kalgo, aka ce duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa ya ɗaga hannu, ƙirga hannuwan ba zai yi wuya ba. Kuma ba laifinsu ba ne. Tun da jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Ibadan a 1901, ba a taɓa shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo a ƙasar da yau ake kira Jihar Kebbi ba. A cikin Najeriya, dogon da ya fi kusa da Gwandu shi ne wanda ya ratsa Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, tazarar fiye da kilomita 200.

Amma yau yaron da bai taɓa jin ƙarar jirgi da kunnensa ba yana iya zama a inuwar shagon cajin waya, ya buɗe manhaja, ya tsinci kansa a mazaunin direban jirgi mai amfani da kwal. Ga murhu na ci, ga ma'aunin tururi na rawa, ga taragu sun yi layi a bayansa suna jiran ya ja su. Mahaifinsa idan ya zo wucewa, abin da zai gani kawai shi ne yaro ya duƙufa a kan waya, kuma an san abin da zai biyo baya: "Kai, aje wayag ga ka tai gona."

Uban yana da hujja, za a zo kanta. Sai dai a cikin dukkan wasannin da ke cinye batir da data a wayoyin matasa, wannan na kwaikwayon tuƙin jirgin kwal yana cikin 'yan kaɗan da suka cancanci a ba su wuri a makaranta. A jihar da ke noma kaya masu nauyi, kuma aka daɗe ana kwaɗaita mata layin dogo, jama'ar da ba ta san yadda jirgi ke aiki ba ita ce mafi sauƙin yaudara ranar da aka zo da alkawari.

Abin da ke cikin mazaunin direba

Ya kamata a bambance. Yawancin wasannin jirgi da ake saukewa kyauta a waya ba su wuce maɓalli biyu ba, na tafiya da na tsayawa, sai tallace-tallace da ke katse mutum duk bayan minti uku. Waɗannan ba su ake nufi ba. Ana maganar manhajojin da aka gina su a kan lissafin yadda injin gaske ke aiki. Tsohuwar cikinsu da ta shahara ita ce Microsoft Train Simulator ta 2001, wadda ta zo da fitaccen kan jirgin nan na Ingila, Flying Scotsman. Akwai Trainz, ta wani kamfanin Ostareliya, wadda ake samu har a waya. Akwai Train Sim World, wadda a 2022 ta fitar da hanyar Liverpool zuwa Crewe kamar yadda take a shekarun 1950. Akwai kuma Open Rails, wadda masu sha'awa suka haɗu suka rubuta, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka tana iya ɗaukarta.

Wanda ya saba da mota ko babur, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne babu sitiyari. Dogo ne ke juya jirgi. Aikin direba shi ne sarrafa ƙarfi, kuma ƙarfin ba a tanki yake a ajiye ba kamar fetur. Dafa shi ake yi a hanya.

Kan jirgin kwal, idan aka cire masa kwarjini, babbar tukunya ce a kwance a kan tayoyin ƙarfe. A bayanta akwai murhu. Zafin wutar yana bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa ruwan tukunyar, ruwan ya tafasa ya zama tururi. Ruwa idan ya koma tururi a sarari yana buƙatar wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700, to da yake an rufe shi a tukunya, sai ya rasa wurin zuwa, ya yi ta matsa bango. Wannan matsin ne ake sakin sa cikin silinda, ya tura fistan gaba da baya, sandunan ƙarfe su juya tayoyi. Duk macen da ta taɓa ganin murfin tukunyar dambu yana ɗagawa ta riga ta ga rabin darasin.

Direba yana da hannaye biyu da ya fi kula da su. Na farko shi ne wanda ke buɗe wa tururi ƙofa daga tukunya zuwa silinda. Na biyu shi ne wanda ke zaɓar gaba ko baya, kuma shi ne ke ƙayyade tsawon lokacin da tururi zai yi yana shiga silinda a kowace tafiyar fistan. A nan sabon shiga ke faɗuwa. Idan za a tashi daga tasha, ana barin tururi ya shiga kusan kashi 75 cikin 100 na tafiyar fistan, domin ana buƙatar ƙarfi. Da zarar jirgi ya ɗauki gudu sai a riƙa janye hannun, a rage zuwa kashi 25 ko ƙasa da haka, a bar ɗan tururin da ya shiga ya kumbura da kansa ya ƙarasa aikin. Wanda ya manta bai janye ba, zai ga jirginsa na gudu kamar abin arziki na 'yan mintuna, sannan allurar ma'auni ta fara sauka, tukunya ta kasa biyan bashin da ake ci a kanta, jirgi ya tsaya cik a tsakiyar daji.

Sai na biyunsa, mai zuba kwal. A wasu manhajojin kwamfuta ce ke yi masa aikin, a wasu kuma mai wasan ne zai yi duka biyun, kuma a nan ne daɗin yake. Kwal idan ya yi yawa a murhu sai ya toshe iska, hayaƙi ya yi baƙi, zafi ya ragu. Idan ya yi kaɗan sai iska mai sanyi ta shiga ta ramukan da ke cikin garwashin. Kwal ɗin da aka zuba yanzu ba yanzu zai ba da tururi ba, sai bayan wasu mintuna. Ke nan idan akwai hawa a gaba, tun kafin a hango shi ake shirya masa wuta. Idan tasha ce a gaba, tun da nisa ake sassautawa, in ba haka ba tururi ya yi yawa, bawul ɗin kariya ya buɗe da ƙara, kwal ɗin da aka sha wahalar zubawa ya tashi a iska.

Ruwa kuwa ya fi wuta haɗari. Akwai wani ɗan gilashi a gaban direba da ke nuna inda ruwa ya tsaya a tukunya. Idan ya yi ƙasa har rufin murhu ya fito fili babu ruwa a kansa, ƙarfen zai yi laushi, kuma a jirgin gaske irin wannan sakaci ya sha fasa tukunya ya hallaka ma'aikata. Idan ya yi yawa, ruwa zai bi tururi ya shiga silinda, shi kuma ruwa ba ya matsuwa, sai ya fasa. Ƙarin wahalar ita ce gilashin yana yin ƙarya: a kan hawa ruwa na gangarowa baya ya nuna kamar ya cika, da an fara gangara ko an taka birki sai ya gudu gaba. Sannan duk lokacin da aka ɗura sabon ruwa mai sanyi, matsin tururi sai ya ɗan faɗi. Kowane gyara yana da farashinsa a wani wuri.

Yaron da ya kai jirgi daga tasha zuwa tasha a kan lokaci, bai ƙone murhu ba, bai ƙarar da tururi ba, ya yi aiki da zafi da matsi da nauyi da gogayya, abubuwan da malamin fiziks ke rubuta masa a allo da alli yana haddacewa don jarrabawar WAEC ba tare da ya taɓa ganin amfaninsu ba. A makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lissafin da ke raba jirgi da tirela

Akwai darasi ɗaya da manhajar ke koyarwa tun a ranar farko, wanda ya shafi aljihun manomin Kebbi kai-tsaye. Tayar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da tirjiya sosai. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙarfin da bai wuce na ɗaga kilo biyu zuwa uku ba ya isa ya ci gaba da jan tan guda na kaya. Wannan shi ne sirrin arhar jirgi. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600 masu kilo 50, wato tan 30. Jirgi mai tarago 30, kowanne da tan 40, ya kwashe kayan tirela 40 ke nan, da kai ɗaya da ma'aikata 'yan kaɗan.

Amma wannan santsin da ya zama alheri shi ne kuma raunin jirgi. Idan dogo ya hau mita ɗaya a cikin kowace mita 100, hawan da direban tirela ba zai ma lura da shi ba, kowane tan yana neman ƙarin ƙarfin kilo 10. Wato aikin ya ninka sau huɗu ko biyar. Idan direba ya yi fushi ya buɗe tururi gaba ɗaya, tayoyin sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna tartsatsi, dole ya sassauta, ya saki yashi a kan dogo, ya sake lallaɓawa. Haka nan wajen tsayawa: jirgi mai kaya da ke cikin gudu yana cin ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, ko da direba ya ga abin da ke gabansa sarai. Mutanen Legas sun ga haka a watan Maris na 2023, lokacin da jirgi ya yi karo da motar ma'aikatan gwamnati a wata mahaɗa a Ikeja, aka rasa rayuka. Duk garin da dogo zai ratsa wata rana, akwai buƙatar a sami mutanen da suka san wannan tun kafin jirgin ya iso.

Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu, arhar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da tsadar hawa, ya fahimci dalilin da ya sa dogo ke kewaye-kewaye, da dalilin da ya sa gadoji da cikon ƙasa ke cinye kuɗin aiki. Zai kuma kalli fadamar Gulbin Kebbi da wani ido daban: ƙasa ce mai daɗin shimfiɗa dogo saboda ba tudu, mai wuyar sha'ani kuma saboda ambaliya.

Me ya sa na kwal?

Tambaya ce mai kyau, domin babu wanda zai sake sayo wa Najeriya jirgin kwal. Injinsa ɓarnatacce ne, abin da yake mayarwa aiki daga zafin kwal bai kai kashi 10 cikin 100 ba, ga hayaƙi, ga shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Azbin. Jiragen Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan duk da dizal suke aiki.

Amsar farko ita ce a jirgin kwal komai a fili yake. Injin zamani akwati ne rufaffe, ka tura hannu ya tafi, kwamfutar ciki ta gyara maka kurakuranka ba ka sani ba. Na kwal ba ya rufa wa kowa asiri. Idan ka yi kuskure za ka gan shi a ma'auni, ka ji shi a sautin numfashin injin. Don haka ya fi dacewa da koyo, kamar yadda mai koyon ɗinki ke fara wa da keken ƙafa.

Amsa ta biyu tarihi ce. Jirgin kwal ne ya sauya fasalin Arewa. An fara aikin dogo daga Baro a bakin Kwara a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya isa Kano a 1911. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da aka san Kano da shi a kasuwar duniya. An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka ja dogo daga Fatakwal zuwa Inugu a 1916 don kwaso shi, kuma wannan kwal ɗin ne ya riƙa ci a murhun jiragen da ke zuwa Zariya da Kano da Nguru. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka shigo da wasu kawunan jirgi daga Birtaniya da aka raɗa wa sunayen kogunan Najeriya, masu ƙananan tayoyi biyu a gaba, manya takwas a tsakiya, biyu a baya. Irin wannan tsarin tayoyi yana nan a cikin manhajojin yau. Yaron da ya tuƙa shi yana taɓa irin aikin da ya ci ƙarfin dubban 'yan Najeriya, waɗanda sukan fara da goge inji, su shekara da shekaru suna zuba kwal, kafin a yarda su riƙe hannun tururi.

A cikin wannan tarihin ne kuma amsar tambayar da ta fi damun Kebbi take. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ƙasar auduga da gyaɗa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da tattalin arzikin duniya ya rufta. A nan ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba, balle Gwandu. Turawa ba don sada zumunci suka shimfiɗa dogo ba. Sun bi inda kayan da masana'antunsu ke so suke, suka ja layi zuwa teku. Garin da a ƙarni na 19 yake kula da masarautun yammacin Daular Usmaniyya har zuwa Nupe da Ilori, sai ga shi a gefen taswira. Abin lura, lokacin da aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a Ingila a 1825, wanda ake ƙirga tarihin jirgin ƙasa na zamani daga kansa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana raye a Gwandu yana karantarwa yana rubuta littattafai. Shekara 200 ke nan, jirgin bai iso ba.

Hujjar uban yaron

Yanzu a koma ga mahaifin da ya ce a ajiye waya. Yana da gaskiya ta fuska uku.

Ta farko, kuɗi. Manhajojin kirki suna da nauyi, wasu sai an saya da dala, kuma mafi ingancinsu ba sa aiki sai a kwamfuta. Gidan da ke lissafin kuɗin taki da na man injin ban-ruwa tun bayan cire tallafin fetur a 2023, ba za a ce masa ya sayi data don yaro ya yi wasa da jirgin Ingila ba. Ga kuma wutar lantarki da sai an ga dama. Wannan ne ma ya sa bai kamata a bar abin a wuyan iyaye ba. Wurinsa makaranta ne. Makarantu da cibiyoyin da ake rubuta jarrabawar JAMB suna da kwamfutoci da ke yin watanni a rufe da ƙyalle bayan an gama jarrabawa. Open Rails ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta sau ɗaya, kuma ana iya raba ta a filasha.

Ta biyu, waya tana cin lokaci, kuma ba kowane yaron da ya ce yana koyon tuƙin jirgi ne yake koyon ba. Gaskiya ne. Sai dai a kwatanta da abin da ke kan sauran wayoyin. Manhajojin caca an gina su ne don su hana mutum haƙuri, su sa masa ran samu cikin daƙiƙa. Wasannin harbe-harbe suna saka wa mai saurin yatsa. Jirgin kwal kuwa mai gaggawa yake hukuntawa. Tafiya ɗaya tana iya cin awa guda, mafi yawanta kallon ma'auni ne da jiran sigina ta ba da hanya. Yaran da za su jure wannan ba su da yawa, kuma su ne ainihin waɗanda ya kamata malami ya sa wa ido, domin irinsu ne ke zama injiniyoyi.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi: manhaja ba ta mai da kowa direba. Ba ta da zafin murhu a watan Afrilu, ba ta da nauyin shebur, ba ta da tsoron da ke kama mutum idan ya san rayuka ɗari biyar na bayansa. Idan ka kifar da jirgi, sai ka danna ka sake farawa. Duk wanda ya ce wa matashi wasan nan zai ba shi aiki a Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ya yaudare shi. Hanyar aikin tana nan inda take: karatu, da makarantu irin su Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, ko Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura. Abin da manhajar ke yi shi ne ta sa ɗan Kalgo ya san cewa akwai irin wannan karatu, ya kuma so shi. Yaron Kaduna ko Kafanchan ya tashi yana ganin dogo a bayan gidansu, wataƙila kakansa ma'aikacin reluwe ne. Na Gwandu ba shi da wannan gado, dole a nema masa wata ƙofar.

Dogon da ke kwance a Dosso

Akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Dogon da ya fi kusa da Kalgo ba a Najeriya yake ba, yana Dosso ne a Jamhuriyar Nijar. Kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa shi daga Yamai a 2014, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016 a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. An gina tasha, an kawo taragu, an ɗauki hotuna. Niyyar ita ce ya gangara ta Gaya ya haɗu da layin Benin da ya tsaya a Parakou, ya kai ga tashar ruwa ta Kwatano. Rikicin shari'a a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin ya tsayar da komai. Dogon yana nan kwance, bai zama hanyar jigilar kaya ko fasinja ba.

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Kalgo zuwa Bunza da Kamba ya ƙetara iyaka ya san wannan labari. Darasinsa shi ne dogo ba kwalta ba ne. Titin mota ko rabinsa aka yi, a-kori-kura za ta hau. Dogon da bai haɗu da wani dogon ba, ko bai kai ga inda kaya ke tashi da inda ake sauke su ba, ƙarfe ne kawai a cikin ciyawa.

Wannan ya shafi Kebbi yanzu fiye da da. A watan Maris na 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire harkar jiragen ƙasa daga hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. Ana kan aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ba sai an yi duba ba, maganar dogo zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi za ta riƙa dawowa a duk kakar zaɓe. Kuma jihar tana da abin ɗauka na gaske: shinkafar fadamun Argungu da Suru, wadda har ta kai ga yarjejeniyar Lake Rice da Jihar Legas a 2016, da albasar Aliero, da dabbobi, da takin da ake hawo da shi daga kudu.

Ranar da wani ya tsaya a dandali ya ce zai kawo jirgi, tambayoyin da ya kamata a yi masa ba su da yawa, amma sai wanda ya san abin zai iya yin su. Wane faɗi ne dogon, tsohon mai milimita 1,067 da ya tsaya a Ƙauran Namoda, ko sabon mai 1,435 irin na Abuja zuwa Kaduna? Domin jirgin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Da wane layi zai haɗu, kuma a ina? Tan nawa zai ɗauka a shekara, me zai ɗauko a dawowa, ko taragu za su dawo wayam? Ina za a gyara kan jirgi idan ya lalace, su wa za su gyara? Tashar kaya tana bakin kasuwa da injinan casar shinkafa ne, ko an kai ta daji inda sai an sake ɗaukar tirela? Matashin da ya yi wata shida yana haɗa taragu yana lissafin nauyi a manhaja, waɗannan tambayoyi da kansu za su zo masa. Wanda bai taɓa yi ba, zai tafa ne kawai.

Aikin da ke jiran Kalgo

Akwai wani gurbi da ya kamata ya ba ɗaliban jihar haushi. Wanda ya buɗe waɗannan manhajoji zai tarar da hanyoyin Ingila da Jamus da Amurka birjik. Matasan Indiya ba su jira kowa ba, sun ɗauki tsohuwar manhajar Microsoft suka gina hanyoyin ƙasarsu a ciki, da tashoshinsu da kalar taragunsu. Hanyar Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuwa, da kukokinta da rumbunanta, ba ta cikin abin da manyan kamfanonin nan ke sayarwa, kuma ba su da dalilin yin ta.

Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yana Kalgo, a kan hanyar Bunza. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar a Aliero, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Duk shekara ɗaliban ajin ƙarshe a sassan kwamfuta da injiniyanci da safiyo suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa kuma su ƙare da maimaita abin da na gabansu suka yi. Ga aiki nan a ƙofar gida. Bayanan tudu da kwarin ƙasa da hukumar NASA ta Amurka ta tattara daga sararin samaniya a shekarar 2000 suna nan a intanet kyauta, har da na Kebbi. Kayan zana hanya na Open Rails su ma kyauta ne.

Rukuni ɗaya zai iya zana layin da Turawa suka bari: daga Gusau ko Ƙauran Namoda zuwa Sakkwato, ya gangaro ta Tambuwal da Gwandu da Ambursa zuwa Birnin Kebbi da Kalgo. Wani rukunin ya gwada wata hanyar ta Jega da Aliero. Sannan a ɗora wa kowace hanya jirgi mai tan 1,200, a ga wadda kan jirgi ɗaya zai iya ja ba tare da ya tsaya a hawa ba, a ƙirga gadojin da kowacce ke buƙata, a auna nisan kowace tasha da kasuwa. Ba zai maye gurbin binciken ƙwararru ba, kuma babu bankin da zai ba da bashi a kansa. Amma zai zama karo na farko da za a yi gardamar dogon Kebbi da taswira da lambobi a gaban jama'a, cikin Hausa, a bakin 'ya'yan jihar.

Idan an gama, sai a zuba shi a filasha a kai makarantun sakandaren Gwandu, a ɗora a kwamfutocin da ke jiran JAMB ta baɗi. Malamin fiziks ya ware awa ɗaya a mako, ya zaunar da yara bibbiyu, ɗaya a hannun tururi ɗaya a shebur, ya ce su tashi daga Tambuwal su shigo Gwandu kafin ruwan tukunya ya sauka ƙasa da rabin gilashi.